Ku Tambayi Mai Zane: Hotunan Wasannin Gem na Da a Kan Kaye, Hula da Bango

Assalamu alaikum, masu karatu. A fitowar da ta wuce na sa hoton allon wani mai gyaran salula da na zana da ƙananan murabba'ai, irin hotunan wasannin gem na da. Tun daga nan wasiƙu suke ta shigowa a kan wannan zane. Na zaɓi shida, na taƙaita su saboda fili. Wanda bai ga tasa ba ya yi mini haƙuri.

Daga wata ɗaliba a Mirya: *Baba mai zane, ina ganin hotuna a Facebook gida-gida kamar ba a ƙarasa su ba, wai na wasannin da ne. Yayana ya ce raunin na'ura ne kawai ya sa suke haka. To me ya sa har yanzu ake zana su, har da masu rataye su a bango?*

Ƴata, yayanki bai yi ƙarya ba, sai dai bai kai ƙarshen zancen ba. Duk hoton da ke fuskar tele ko salula ɗigo-ɗigo ne aka jera, kowane da launinsa, shi ake kira piksal. Salular zamani ɗigonta yakan kai miliyan ɗaya ko biyu, shi ya sa ido ba ya rabe su. Na'urar Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983 kuwa, ɗigo 256 ne a kwance, 240 a tsaye. Nokia 3310 da iyayenki suka riƙe, mai wasan maciji, 84 ne da 48. A cikin wannan ɗan fili ake so mai zane ya sa mutum, ya sa sama da ƙasa, kuma yaron da ke zaune can nesa da tele ya gane wane ne nasa, wane ne abokin gaba, kafin ya ƙifta ido.

Ɗauki Mario, tunda shi kowa ya sani. Shigeru Miyamoto ne ya zana shi, ya fara fitowa a wasan Donkey Kong a 1981, tsawonsa ɗigo 16. Fuska mai wannan ƙanƙanta ba ta da wurin baki, sai aka ba shi gashin baki da babban hanci, fuska ta fito. Zana suma tana motsi in ya yi tsalle aiki ne, sai aka kifa masa hula. Hannu kan ɓace cikin jiki in launinsu ɗaya ne, sai aka sa masa wando mai igiya a kafaɗa da riga mai wani launi, don a ga hannun yana kai da komo in yana gudu. Kin ga duk abin da duniya ta san shi da shi, matsi ne ya haife shi. Launi uku kacal na'urar ke yarda a sa wa ƙaramin hoto mai motsi. Ɗan'uwansa Luigi a wasan farko zanen Mario ne aka sauya wa launi. A Super Mario Bros. na 1985 ma, gajimaren da ke sama da dunƙulen ganyen da ke ƙasa zane ɗaya ne, wancan fari, wannan kore, don a yi tattalin wuri. Wasan gaba ɗaya kilobayit 40 ne. Hoto guda da kika ɗauka da salula ya ninka shi sau da yawa.

Ni a wani zaure a Birni na fara ganin wannan, a tele mai jan batirin mota, da irin na'urorin kwaikwayo da ƴan kasuwa ke shigowa da su daga Kano, masu kaset rawaya an rubuta 9999 a jiki. Layi ake yi, wanda aka kashe ya miƙa manet ga na bayansa. In ba layina ba ne, nakan matsa har hancina ya kusa taɓa gilashin, in ga mutumin ya warware ya koma ɗigon ja da na ruwan ƙasa, in ja da baya ya sake haɗuwa ya zama mutum mai gudu. Wannan abu ya daɗe yana ba ni mamaki, kuma shi ya fara sa ni riƙe fensir.

Masu rataye su a bango iri biyu ne. Akwai wanda begen ƙuruciya ke ja, yana son ya ɗaga kai ya tuna zauren unguwarsu. Ban raina wannan ba. Amma abin da ya riƙe ni shi ne na biyu: a hoto mai gida 256, wato 16 a kwance 16 a tsaye, babu gidan da za ki cike a banza. Ki matsar da ɗigon ido gida ɗaya, mai fara'a ya koma mai fushi. Ban san wani irin zane da ke koya wa mutum yanke shawara kamar wannan ba.

Daga wani magidanci a Zango: *Malam, ɗana yana kolej, ya cinye kayensa na lissafi da zanen dodanni gida-gida. Na yi faɗa har na gaji. Wannan sana'a ce ko shiririta?*

Alhaji, Allah ya shirya mana zuri'a. Kayen lissafi na lissafi ne, a nan ina bayanka. Amma ina roƙonka, in ka shiga Kasuwar Dole ka saya masa wani kaye na daban, mai ƙananan gidaje na milimita 5, ba mai manyan gidaje da siraran layuka a ciki ba, don waɗancan layukan suna ruɗa ido. Ka ce masa wannan na zane ne, kuma sai an gama aikin lakwal ake buɗe shi. Yaron da aka ba wa abinsa wuri ya fi saurin barin na wani.

Ko sana'a ce? A 2012 babban gidan adana fasahar zamani na birnin New York, wanda ake kira MoMA, ya shigar da wasannin gem 14 cikin taskarsa. Akwai Pac-Man, wanda Toru Iwatani ya tsara wa kamfanin Namco a 1980, akwai Tetris da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. A Faransa kuma akwai wani mai zane da ba ya nuna fuskarsa, ana ce da shi Invader. Tun 1998 yake manna ƙananan karo, wato tayil irin na bangon wanka, a gine-ginen Paris, yana fitar da siffar dodannin Space Invaders, wasan da Tomohiro Nishikado ya yi a 1978. Karo ɗaya, ɗigo ɗaya. Dodon da ya fi shahara a wasan, mai kama da ƙaguwa, gida 11 ne a kwance, 8 a tsaye, kuma ina kyautata zaton yana cikin kayen ɗanka. Invader ya manna dubbai a biranen duniya, har Rabat a Maroko da tsibirin Jarba a Tunisiya, mutane kuma suna yawo takanas suna neman su.

Ba zan ruɗe ka ba, Alhaji: zanen dodanni shi kaɗai da wuya ya ci da mutum a Damagaram. Abin da ke ƙarƙashinsa shi ke ciyarwa. Duk allon shagon da na zana a garin nan, da gida-gida nake ɗauke shi daga takarda zuwa bango: in raba ƙaramin hoton murabba'i-murabba'i, in raba bangon da adadi ɗaya, in bi gida bayan gida. Yaron da hannunsa ya saba da ƙirgen gidaje ya riga ya san awo, ya san ninkawa, ya san daidaita hagu da dama. Masu buga riguna, masu tsara tambari, masu ɗinkin kwamfuta, duk irin wannan ido suke nema.

Saƙo ɗaya za ka kai masa daga wurina. Ya bar dodannin Japan na mako guda, ya zana mini butar shayi a gida 16 da 16, da launi uku. Zai ga bakin butar ɗigo uku ne masu hawa, marfin layi ɗaya da ɗigo guda a ka, mariƙin kuma in ya wuce kaurin gida ɗaya butar ta koma kwando. In ya iya wannan, ya gwada raƙumi a durƙushe, ya gwada ɗan kabu-kabu da fasinja, ya gwada ƙofar fadar Sarkin Damagaram da zankwayenta. Mario an riga an warware masa matsalarsa fiye da shekara arba'in da suka wuce, kwafa kawai zai yi. Raƙumi kuwa sai ya zauna ya yi tunani da kansa inda tozo zai tsaya, kuma a nan za a san ko mai zane ne.

Daga wata mai ɗinkin hula da zanen gado a Garin Malam: *Ƴaƴana suna so in ɗinka musu irin waɗannan hotuna a rigar matashi. Ta ina zan fara?*

Hajiya, ke kin riga mu nisa a wannan aiki. Yadi zaren tsaye ne da na kwance, gida-gida ke nan tun daga masaƙa. Mai ɗinkin gicciye da ke ƙirga zare, da mai saƙar tabarma da ke ɗaga kaba biyu ta danne biyu, da masaƙin luru, da mai jera tsakiya, kowannensu yana fitar da ado daga gidajen da ba sa rabuwa biyu. Susan Kare, Ba'amurkiyar da ta zana ƙananan alamomin kwamfutar Macintosh ta farko ta 1984, a kan takarda mai gida-gida ta tsara su, 32 da 32. Mahaifiyarta ta koya mata ɗinkin ƙirgen zare tun tana yarinya, kuma ita da kanta takan kwatanta zanen ɗigo da irin wannan ɗinki.

Ki fara a kaye, kada ki fara a yadi. Ki kewaye gida 16 da 16, ki cike siffar da baƙi zalla tukuna, ba ido ba baki. Ki jingine kayen a bango, ki koma bakin ƙofa ki duba, ko ki kira ƙaramin yaro ki tambaye shi mene ne wannan. In ya ce kaza alhali zabo kika nufa, gyaran siffa ya rage, launi ba zai cece ta ba. Sai siffa ta zauna sannan ki raba launi, kuma ki tsaya a uku ko huɗu: mai duhu, matsakaici, mai haske. Abin da ya kamata ki kula da shi, bambancin duhu da haske ya fi bambancin launi aiki. Ja da kore in nauyinsu ɗaya ne, daga nesa cakuɗewa suke yi.

Layin da ya karkata shi ne inda sababbin hannu ke tuntuɓe. Tunda babu rabin gida, karkataccen layi matakala ne, kuma dole matakan su zama daidai: biyu, biyu, biyu, ko ɗaya, ɗaya, ɗaya. In kika yi biyu, ɗaya, uku, layin zai fito a karye. Lanƙwasa kuma tafiya take yi a hankali: uku, biyu, ɗaya, ɗaya, sannan ta sake buɗewa ta ɗaya ɓangaren. Dagi na gwada shi a gida 16 ya ƙi, saboda inda igiya ke bi ta ƙarƙashin ƴar'uwarta yana son a bar gida guda fanko kowane gefe kafin ido ya gane wace ce a sama. A 32 yana fitowa sarai.

A kan yadi, gicciye ɗaya shi ne ɗigo ɗaya. Ki ninke yadin huɗu ki sami tsakiya, ki fara daga can, kina soke kowane layi a kaye da fensir in kin gama shi. In da tsakiya, wato duwatsun ado, za ki yi aikin, ki sani ƙwayar tsakiya ba murabba'i ba ce, tsawonta da faɗinta ba ɗaya ba ne, don haka hoton kan miƙe ta gefe guda. Ki jera layi goma na gwaji, ki auna da magwaji, ki ƙara ko ki rage layuka a zanen kafin ki ɓata zare.

Daga wani matashi mai gidan gem a Sabon Gari: *Oga, ina son a zana mini Mario da Sonic a bangon shago, kuma in buga su a riguna in sayar. Akwai matsala?*

Ƙanena, tsufan wasa bai mai da shi na kowa ba. Mario har yau na Nintendo ne, Sonic, wanda ya fito a 1991, na Sega ne, kuma Nintendo ya yi suna wajen bin haƙƙinsa. Nijar tana cikin ƙasashen yarjejeniyar Bangi ta 1977 kan mallakar fasaha, muna kuma da hukumarmu ta kare haƙƙin masu ƙirƙira, BNDA, a Yamai. Na san za ka ce wa zai zo Sabon Gari daga Japan. Mai yiwuwa babu. Amma ni ba na buga zanen wani a riga don sayarwa, domin na san zafin in wuce in ga an kwafe allona a wata unguwa ba ko sallama. Salon gida-gida kuwa babu mai shi, kowa na iya ɗauka. Ka sa a zana maka ɗan kokawa na kanka da layu a damtse, da sandar ƙarfi a saman kansa irin ta wasannin faɗa, a rubuta sunan shagonka da haruffa masu kusurwa. Duk yaron da ya hango zai san gidan gem ne, kuma babu shago na biyu mai irinsa.

Aikin bangon ba shi da wuya. Gida mai santimita 10 ya isa, hoto mai gida 16 zai ba ka mita ɗaya da santimita 60. A shafa farin fenti ya bushe, a turmusa igiyar magina cikin garin bula, mutum biyu su ja ta a bango, na uku ya ɗaga tsakiyarta ya saki, layi ya fito. A fara da launi mai haske, baƙi a ƙarshe. In da hali a yi da sassafe kafin iskar hunturu ta tashi, don ƙura in ta hau ɗanyen fenti ba ta sauka. Ja shi rana ke fara cinyewa, ka sa a yi masa shafi biyu. Kuma in shagon na haya ne, ka nemi izinin mai gida kafin a buɗe gwangwani. Invader yakan manna nasa da dare ba tare da ya tambayi kowa ba; wannan ɓangare na aikinsa ba abin koyi ba ne a garin da kowa ya san bangon kowa.

Daga wani malamin lakwal a Matamaye: *Ina sha'awar wannan zane, amma ina gudun zana abu mai rai.*

Mushe, hukunci na malamai ne, ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa. Abin da zan iya ce maka ta fuskar sana'a, filin da ya rage maka yana da faɗi. Tetris babu mai rai ko ɗaya a cikinsa, siffofi bakwai ne, kowace da murabba'i huɗu. A 2002 wani mai fasaha Ba'amurke, Cory Arcangel, ya buɗe kaset ɗin Super Mario, ya cire komai sai shuɗin sama da gajimare suna wucewa, kuma an nuna aikin a manyan gidajen fasaha. Kana da duwatsun Birni, da ganuwa, da hasumiya, da kuka, da rumbu, da aska takwas ta babbar riga. Ga haruffa kuma: akwai salon rubutun Larabci na Kufi mai murabba'i da magina suka daɗe suna jerawa da tubali a jikin masallatan Iran da tsakiyar Asiya, gida-gida yake tun ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera kwamfuta. Ɗalibanka za su ƙaru da shi a darasin awo.

Daga wani ɗalibin Jami'ar André Salifou: *Na zana hoto a salula ya yi kyau, da na kai wurin bugawa ya fito dishi-dishi. Me ya faru?*

Ɗana, hotonka ƙarami ne ƙwarai, wataƙila ɗigo 32 ko 64. Da mai bugawa ya ja shi ya cika takarda, kwamfuta ta cike tsakanin ɗigon da launin da ta ƙirƙiro, don hoton kyamara aka tsara ta, tana ganin gyara take yi. Kai za ka girmama shi da kanka kafin ka kai. Ka ninka shi da cikakken adadi, sau 10 ko sau 20, kada ka yi sau biyu da rabi, in ba haka ba wasu gidajen su fi wasu faɗi. A cikin manhajar ka zaɓi hanyar girmamawa da ba ta shafe gefen ɗigo. Ka adana shi a tsarin fayil na PNG, domin tsarin JPEG yana barin datti a gefen launuka. In ta WhatsApp za ka tura wa mai bugawa, ka tura shi a matsayin fayil, don in ka tura shi a matsayin hoto matse shi ake yi.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani tunda ka ɗauki abin da gaske. Masu zanen wasannin da, tsohuwar tele mai ƙeya suke yi wa aiki, ita kuwa tana ɗan narkar da ɗigo cikin maƙwabcinsa. Sukan jera launi biyu a cakuɗe, wannan gida baƙi, wancan fari, suna sane da cewa gilashin zai haɗe su ya ba da launi na uku. Kaifin kusurwar da muke gani yau a salula ya fi wanda yaran wancan lokaci suka gani. Saboda haka in ka kwaikwayi irin wannan cakuɗa a takarda, ka buga gwaji ƙarami tukuna, ka manna a bango, ka ja baya taku biyar ka duba. In launukan ba su haɗe ba, ka rage girman gidajen ko ka cire cakuɗar ka bar launi ɗaya. Kuma ka nemi takarda marar sheƙi, mai sheƙi tana mai da hasken fitila a ido ta ɓoye gefen gidajen.